Bare a Cikin Huɗu

A Badarawa aka haife ni, gidan manoma, kuma in na tuna ƙuruciyata hayaƙi nake fara shaƙa. Da damina, in an cinye tuwo bayan magariba, kakarmu Tumba takan tara ƙaiƙayi da ɗanyen ganye a bakin ɗakinta, ta zuba musu garwashi don korar sauro. Wutar ba ta ci sosai, sai dai ta yi ta turnuƙe mu. Mu jikoki mu zagaye ta, idanu na zubar da ruwa, amma ba mai tashi. Ni ne babba a ɗakinmu, sai ƙanwata Hajo, sai autanmu Ilu, wanda kullum shi ke jingine da cinyarta.

Ni Kaka ke kira maigida, irin wasan kaka da jika. Da na zauna sai ta ce, "Ga maigida nan, ko gishiri bai aje mani ba, ya zo jin tatsuniya kyauta." A yi dariya, ni kuma in ɓata rai, don tun ina yaro ba ni da haƙurin wasa.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Takan ce, "Ga wata nan tahe, ta jiƙe sharkaf." Mu amsa, "A ba ta wuri ta ji ɗumi." Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini. Ɗaya ce ta ƙi tafiya, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Wai wata rana ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Bushiya da Kunkuru da Kwaɗo da Jemage suka ruga suka faɗa wani tsohon rumbu da ba kowa a ciki. Mai rumbun, wata tsohuwa, ta leƙo ta ce, "Rumbuna na mutum uku na. Ku dubi junanku, wanda ba naku ba shi hita."

Kunkuru ya ce ai ba sai an daɗe ba, Jemage ne bare, domin su uku a ƙasa suke tafiya, shi kuwa sama, ga shi ko barci sai ya juya kai ƙasa. Jemage ya ce in maganar bambanci ce, wa ya kai Kunkuru, wanda shi kaɗai ke yawo da ɗakinsa a baya, me ma yake nema a rumbun mutane? Kunkuru ya ja wuya ciki, ya sake fito da shi, ya ce to a dubi Kwaɗo, su uku ruwa suke gudu, shi kuwa ruwa gidan ubansa ne. Kwaɗo ya kumbura ya ce shi dai bai taɓa soke kowa ba, a tambayi Bushiya wa ya taɓa kwana kusa da ita ya tashi lafiya.

A nan Kaka takan tsaya, ta tura garwashi da kara, ta dube mu. "To, mazan gida, wa za a hidda?"

Ni ke fara amsawa kullum. "Jemage!"

"Maigida ya yanke hukunci. To, ina za shi kwana?"

Wannan ita ce dokar wasanta. Kana da ikon fitar da wanda ka so, amma sai ka faɗi inda zai kwana. In ce, "Kan icce." Ta ce, "Kan icce, cikin wanga ruwa da tsawa? Kai ka iya?" In ce to rami. Ta ce rami ya cika da ruwa tun ɗazu. Haka za ta yi ta toshe mini ƙofa har in rasa ta cewa. Sai Ilu, da bakinsa bai gama buɗewa ba, ya ɗago kai ya ce ai Jemage ba ya cin wuri, a rufin rumbu yake rataye, a bar shi. Hajo ta ce to Bushiya. Ilu ya ce ta dunƙule a lungu, ba wanda ya aike ka kusa da ita. Duk wanda aka fitar, Ilu zai samo masa hanyar komawa. Kaka ta yi ta dariya tana shafa kansa, tana cewa, "Wanga ɗan ko ɓarawo ya shigo mana sai ya shimhiɗa mashi tabarma."

Ƙarshen tatsuniyar shi ya fi ba ni haushi. Wai haka suka yi ta gardama har zakara ya yi cara. Ruwa ya ɗauke, tsohuwa tuni ta yi barcinta ta manta da su, duk huɗun suka fito a bushe. Kwaɗo ne kawai ya tafi yana mita, wai sun sa ya yi asarar ruwa mai kyau. Kaka ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Nan ta tsaya, wanda bai ƙoshi ba shi bi ta da gudu." Ni kuwa in tashi ina gunaguni cewa wannan ba tatsuniya ba ce, tun da ba a faɗi amsa ba.

Wani lokaci ko tatsuniyar ba ta yi, sai ta jera gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙasa ta ce a fitar da bare. Ka ce gyaɗa, don ita kaɗai ke haihuwa a cikin ƙasa, ta ce ai ita da wake 'yan ɗaki ɗaya ne, kowanne a cikin kwanso yake. Ba a taɓa cin Kaka a wannan wasa ba.

Na girma, na ɗan taɓa elementare ban yi nisa ba, na koma Ƙaura na kama awon hatsi a kasuwa. Sana'ar ta dace da halina. Ka buɗe buhu, ka nutsa hannu, ka tsince tsakuwa da ƙaiƙayi ka watsar, ba wanda zai tambaye ka dalili. Ilu kuwa gangar noma ya ɗauka. In ana gayya, shi ke bin bayan manoma yana kiɗa yana kiran sunan kowa da na kakansa, har rago ma ya ji kunyar miƙewa. Ya yi aure, matar ta rasu ba su samu haihuwa ba, bai sake ba. Na ce ya dawo wurina, na ba shi ɗakin da ke jikin zaure. Ya fi shekara ashirin a nan.

Ɗana na fari Sanusi ne. Yanzu tsufa ya ba ni izinin faɗin sunan, amma a da ba na faɗa, sai dai in ce yaron nan, kuma ba na zama hira da shi. Haka muka taras ana yi da ɗan fari. Saboda haka Ilu ne ya zama ubansa na zahiri. Shi ya goya shi a wuya, shi ya kai shi makarantar allo, shi ya raka shi firamare ranar farko. Abin da yaron ba ya iya faɗa mini, Baba Ilu yake kai wa.

Da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, kowa ya ɗaga kai. Aka ce ofisoshi sababbi ne, kujeru ba kowa, 'ya'yanmu za a ɗora. Ba a jima sosai ba aka ƙaddamar da Shari'a, muka yi murna ƙwarai, ni da Ilu duka. Kiɗan biki ya yi sanyi a gari, masu gayya ma suka rage kira. Ba wanda ya zo ya ce wa Ilu komai. Shi da kansa ya rataye gangarsa a bangon ɗaki, ya koma taya ni ɗinkin buhunan algarara a kasuwa, yana cewa hannun da ya iya fata ai zai iya algarara.

A wannan lokaci ne aka ce za a ɗauki matasa aiki, amma sai an yi jarrabawa, kuma masu nema sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba. Sanusi ya gama karatunsa yana zaune. Idanuna sun fara rauni, ƙannensa na tasowa, ni kuwa duk na ɗora raina a kan wannan aiki. Ya samo wani ɗan littafi na tambayoyin da aka saba yi, ya kuma shiga wurin wani malamin makaranta da ke koya wa masu shirin jarrabawar da dare. Lissafi bai dame shi ba, Turanci ma da dama. Akwai dai wani kashi da ake jera abu huɗu a ce ka nuna wanda bai dace da sauran ba, kuma a kan lokaci ake yi, ba a jiran mai dogon tunani.

Ranar da ya fara fassara wa Ilu irin waɗannan tambayoyi a zaure, ina daga ciki ina jin su.

"Baba Ilu, ji wannan. Akuya, tunkiya, saniya, kaza. Wace ce bare?"

"Su masu takardar mi sunka ce?"

"Kaza. Ita kaɗai ke da ƙafa biyu."

"Kai, Malam Boko! Kaza da ke kwana bayan ɗakin uwarka ita ta bare? Saniya dai, da ke can ruga wurin Hulani, sai ran kasuwa muke ganin ta."

Sanusi ya fashe da dariya. "To ga wata. Mota, babur, jirgin ƙasa, jaki."

"Jirgi."

"Sun ce jaki, don ba inji gare shi ba."

"Ƙarya suke wa jaki. Duk ukun nan in ka ce su ratse su ratse, jirgi ko sai inda ƙarhe ya kai shi. Kuma duk cikinsu shi kaɗai ya yi hushi da Ƙaura, sai ya ga dama yake zuwa."

Na ji muryar Kaka a bakin ƙanena, har na yi murmushi ni kaɗai. Haka suka riƙa yi kullum bayan la'asar. Yaron ya karanto, Ilu ya mayar da wanda aka fitar ya fitar da wani, su yi ta gardama har a kira magariba. Da farko ban ga aibu ba.

Sai malamin nan ya yi musu gwaji irin na ranar jarrabawa. Sanusi ya dawo jiki a sanyaye. Bai faɗa mini ba, uwarsa ce ta gaya mini. Wai da ya iso wannan kashi sai ya tsaya, duk wanda ya ɗora wa alƙalami sai ya ga dalilin barin sa, ya koma kan wani, har lokaci ya ƙare bai yi rabi ba. Malamin ya ce in ya yi haka ranar gaske, to ya haƙura da aikin.

A makon nan kuma wani abokin awona, muna zaune muna jiran masu saye, ya ce da ni cikin raha, "Kai da ganga ke rataye gidanka a wanga zamani, wa za ya ɗauki ɗanka aikin gwamnati?" Ba malami ba ne, ba ma'aikaci ba ne, bai san komai a kan ɗaukar aiki ba. Magana ce irin ta bakin kasuwa, ya faɗe ta ya ci goronsa ya manta. Ni kuwa ta bi ni har gida. Na kwana ina jera mutanen gidana a zuci kamar yadda littafin yaron ke jera abubuwa. Ni ɗan kasuwa, yaron ɗan makaranta, uwarsa matar kulle, sai makaɗi. Ban sha wahalar samun amsa ba.

Da muka fito sallar asuba na ce wa Ilu ya tsaya. Muka tsaya a gindin bedi, wato darbejiyar ƙofar gida.

"Ilu, kana ɓata yaron nan."

"Subhanallahi. Da mi, Yaya?"

"Da wasan Kaka. Jarrabawa ba tatsuniya ba ce. Amsa ɗaya suke so, kai kuma ka cika masa kai da huɗu."

Ya yi dariya, yana zaton abin bai kai can ba. "To ai sai in kama bakina. Daga yau ko sun ce raƙumi tsuntsu na, in ce Allah shi ba shi hiffike."

Da na karɓi wannan, da an wuce wurin. Amma na riga na yanke tun cikin dare. Na ce, "Girbi ya matso. Mijin Hajo ba shi da mataimaki a Birnin Tsaba. Ka je ka kama musu, har a gama jarrabawar nan." Sannan na ƙara abin da har yau nake jin nauyinsa a harshena. "Ka tafi da gangar."

Dariyar ta bar fuskarsa a hankali. Ya dube ni, ya dubi ƙofar zauren. Na san tambayar da ya kamata ya yi mini, ta inda zai kwana, shi ma ya san na sani, don a gaban wuta ɗaya muka koye ta. Bai yi ta ba. Ya ce, "To, Yaya." Kafin hantsi ya naɗe tabarmarsa, ya sa gangar a buhu don kada a gan ta a hanya, ɗan kabu-kabu ya kai shi tashar motar Zurmi. Sanusi ya fita tun da sassafe, da ya dawo bai tarar da shi ba.

Daga ranar na ajiye kunyar ɗan fari na zauna da yaron da kaina. Turancin ba na ji sosai, shi ke fassarawa, ni kuwa ina riƙe da agogo. Abin da na sani na awo shi na koya masa. Na ce kada ya dubi kowane ɗaya shi kaɗai, don kowa ka ƙura wa ido sai ka ga abin da ya bambanta shi. Ya nemi abin da uku suka haɗu a kai, wanda ya fi fitowa fili, wanda ko yaro zai gani, na huɗun ya jefar ya wuce. In ya fara cewa, "Amma Baba, ai shi ma," sai in buga tafin hannu a tabarma in ce, "Ba ruwanka da amma. Wuce!" Ya daina cewa amma. Ya yi sauri ƙwarai, har malaminsu ya yaba. Sai dai ba a dariya a zauren, kuma bai taɓa tambayata dalilin tafiyar Baba Ilu ba. Da ya tambaya, da na fi samun sauƙi.

Ya ci jarrabawar. Aka kira shi Gusau aka yi masa tambayoyi baki da baki, aka ba shi aikin. Na tambaye shi ko an yi maganar gidansu, ko sana'ar iyayensa. Ya ce ba wanda ya tambaya, takardunsa kawai aka duba.

Na aika wa Ilu cewa an gama, ya dawo. Ɗan aiken ya ce Ilu yana murna, yana sa albarka, amma akwai sussuka. Bayan sussuka na sake aikawa, aka ce yana taya su gyaran rumbu. Da azumi ya wuce ban gan shi ba, na shiga mota da kaina.

Na yi shekaru ina juya wannan al'amari, kuma ba zan ce masu jarrabawa sun yi laifi ba. Aikinsu ke nan, mutum dubu ba su shiga kujera goma, dole a tace. Dabarar da na koya wa yaron ma daidai ce a wurinta, ko yau jikana ya zo ita zan koya masa. Kuma ban sani ba, wataƙila da Ilu ya zauna da yaron ya faɗi, wataƙila da ya ci duk da haka. Wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da na gane, bayan furfura ta gama cin kaina, shi ne Kaka ba amsa take ɓoye mana ba. Jinkiri take koya mana. Ta san duk mutum huɗu da za ka tara, akwai hanyar da za ka bi ka mai da kowannensu bare, kuma hanyar da za ka fara gani ita ce wadda tsoronka ya nuna maka. A kan takarda in ka fitar da jaki ba abin da ya same shi. Ni na ɗauko dabarar takarda na shigo da ita cikin gida.

Na isa Birnin Tsaba da azahar. Ilu ya rame kaɗan, amma lafiyarsa ƙalau, yana zaune a wata 'yar bukka da ya gina a bayan gidan mijin Hajo. Da ya hango ni ya taso da sauri, ya karɓi jakata. Ya ɗauko sabuwar tabarma ya shimfiɗa mini, shi ya zauna a ƙasa. Ya kawo ruwa a kwanon sha mai murfi. Ya sa aka yanka zakara.

"Kun sha hanya," in ji shi. "Ya kuka baro mutanen Ƙaura? Ya ma'aikaci?"

Tun da aka haife shi bai taɓa ce mini ku ba.

Na ce, "Ilu, ɗakinka na nan yadda ka bar shi. Na zo mu koma."

"Allah shi saka da alheri. Ai nan ma gida na. Ku ci abinci tukuna."

Da aka kawo tuwon, ya ajiye mini kwanon a gabana, ya gyara faifan, ya tashi zai ba ni wuri. Ni da shi da muka yi shekara hamsin hannunmu na karo a kwano ɗaya. Na ce ya zauna mu ci. Ya ce ya riga ya ci, in ci a sake. Na zauna ni kaɗai da zakara guda a gabana, ko loma uku ban ci ba.

Na ba shi haƙuri da yamma, da bakina, a gaban Hajo. Ya ce wallahi ya yafe tun ranar, ba komai a ransa, kuma na yarda da shi, don Ilu bai iya riƙo ba. Amma bai dawo ba, har Allah ya karɓi abinsa a can bayan wasu damuna. Sanusi ya riƙa zuwa wurinsa duk ƙarshen wata, ni ma nakan je. Kowane zuwa sai an ɗauko mini sabuwar tabarma.

Washegarin wannan zuwa na farko, da zan tafi, ya ɗauki jakata ya rako ni. Muka wuce masallaci, muka wuce rijiya, muna maganar farashin gero. Da muka kai wata tsamiya a bakin gari, inda mutanen wurin ke tsayawa in sun rako baƙo, sai ya tsaya. Ya miƙo mini jakar da hannu biyu, ya ce, "Mun gode da ziyara. A gaida mutanen gida." Ya juya ya koma. Na daɗe a tsaye da jaka a hannu ina kallon bayansa, har mota ta zo yaron mota ya tambaye ni ko ni baƙo ne a garin. Na ce masa e.